Ina ake samun taron masu neman daina shan giya, kuma ya halatta Musulmi ya shiga?

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya turo mini saƙon da ke ƙasa, ya roƙi a sakaya sunansa, kuma duk amsar da zai bayar ta hannuna za ta biyo. Wanda zai yi magana ya yi ta da ladabi, domin duk abin da na ga ya zama zagi ko ba'a zan goge shi.

"Ni magidanci ne, ma'aikaci, ina zaune a ɗaya daga cikin manyan biranen Arewa. Na daɗe ina shan giya a ɓoye, har abin ya kai ga idan ban sha da safe ba hannuna yakan yi ta karkarwa, ba na iya riƙe biro. Na sha yin rantsuwa cewa na daina, musamman idan azumi ya gabato, amma rantsuwar ba ta daɗewa sai in koma ruwa. Na ji ana cewa akwai taron da masu irin matsalata suke yi a tsakaninsu, babu hukuma a ciki kuma ba a biyan kuɗi. Ina son a faɗa mini yadda ake nemo shi, da abin da ake yi a ciki, da kuma ko ya halatta Musulmi ya shiga. Babban abin da nake tsoro shi ne wanda ya san ni ya gan ni a wurin."

Bagobiri:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. A ganina maganarka ba ta buƙatar wani taro. Ka san hukuncin giya, ka kuma san ƙofar tuba a buɗe take, saboda haka ka tuba yau ɗin nan, ka zubar da abin da ya rage a hannunka, ka riƙe salloli biyar a jam'i, ka rabu da abokan da ke jan ka zuwa mashaya. Ban ga yadda za a tara mashaya a ɗaki guda a ce su ne za su gyara juna ba, alhali kowannensu bai gama gyara kansa ba.

Maman Salma:
Malam Bagobiri, nasiharka ta tuba tana kan hanya, amma akwai wuri guda a cikinta da zan roƙi mai tambaya kada ya bi, wato ya yanke shan gaba ɗaya yau, shi kaɗai a gida. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma karkarwar safen da ya ambata alama ce ta cewa jikinsa ya riga ya dogara da giyar. Mai irin wannan hali idan ya daina farat ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara gumi da tashin zuciya da faɗuwar gaba da rashin barci. Wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya a kwana biyun farko, wasu kuma daga kwana na biyu zuwa na huɗu sukan shiga ruɗewa mai tsanani, su riƙa gane-gane da sambatu ga zazzaɓi, kuma wannan matakin yana iya kashe mutum idan ba a kai shi asibiti ba. Sau da yawa dangi sukan ɗauka iska ce ta taɓa shi, su ɓata kwanaki wajen hayaƙi da tofi, sai a kawo mana shi a galabaice.

Abin da ya kamata shi ne ya ga likita tukuna, ya faɗa masa gaskiyar abin da yake sha da yawansa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai maganin da ake bayarwa na 'yan kwanaki, irin su diazepam, a riƙa rage shi a hankali ƙarƙashin kulawa, tare da bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa daga lahanin da giya take jawowa. Kada ya je kemis ya saya da kansa, domin haɗuwar maganin da giya tana iya tsayar da numfashi. Asibitocin ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, duk suna karɓar irin wannan, haka ma sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jos. Idan yana jin nauyin a gan shi a can, ya fara da likitan da ke duba kowa da kowa, shi zai tura shi inda ya dace.

Bazazzage a Ingila:
Ɗan'uwa mai tambaya, ka riƙe maganar Hajiya da hannu biyu. Ni zan amsa ɓangaren taron, domin ina cikin masu zuwa, kuma abin da ya sa ka tambaya shi ne ya kai ni.

Ƙungiyar da ka ji labarinta sunanta Alcoholics Anonymous, ana taƙaita shi da AA. An faro ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka. Wani ɗan kasuwar hannun jari daga Niyok mai suna Bill Wilson ya je garin kan wata harka, harkar ta rushe, sai sha'awar giya ta taso masa bayan watanni da dainawa. Maimakon ya shiga mashayar otal ɗin da ya sauka, sai ya yi ta buga waya yana neman wani mashayin da zai zauna da shi, har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Wanda ya je taimakon shi ne ya fara cin moriya, domin zaman da ya yi yana ba wani labarin halin da ya shiga shi ne ya hana shi sha a ranar. Wannan ita ce amsata ga Malam Bagobiri. Mashayi ya ji wa'azi iri-iri, daga iyaye da mata da liman, kuma yana da amsar da yake ba kowa a zuciyarsa, wato ba su san abin da yake ji ba. Wanda ya taɓa ɓoye kwalba a tankin bayan gida, ya taɓa tauna citta don kashe wari, shi ne ba za a iya faɗa wa haka ba, shi ne kuma yake gane ƙaryar tun kafin a gama ta.

Shi taron yakan ɗauki kimanin awa guda. Wani daga cikin membobi yake jagoranta, ana karɓa-karɓa, babu shugaba na dindindin kuma babu ƙwararre. A karanta wani yanki na littafinsu, wanda ya fito a 1939 kuma ya ƙunshi matakai 12 na farfaɗowa, sannan mutane su yi magana ɗaya bayan ɗaya, kowa a kan kansa: yadda yake a da, abin da ya faru, da yadda yake yanzu. Ba a katse mai magana, ba a yi masa gyara ko nasiha a bainar jama'a. Sunan farko kawai ake faɗa, ba a rubuta sunayen mahalarta, kuma sabon zuwa yana iya cewa yau saurare kawai zai yi, babu mai matsa masa. Sharaɗin zama memba guda ɗaya ne, wato son daina sha. Babu kuɗin rajista, sai dai a zagaya da ɗan kwando kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa don hayar ɗaki da shayi, kuma ƙa'idarsu ce ba sa karɓar gudummawa daga waje.

Taron iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya halarta ko da ɗan'uwan mai sha ne ko ɗalibi, akwai kuma rufaffe, na masu matsalar kaɗai. Ga mai tsoron ido irinka, rufaffen ya fi, domin duk wanda ka gani a ciki abin da ya kawo ka shi ya kawo shi. Bayan an tashi, tsofaffin membobi sukan ba sabo lambar wayarsu, daga baya kuma ya zaɓi ɗaya ya zama jagoransa, wanda zai kira idan sha'awar ta taso ko da tsakar dare ne. Ba a sa mutum ya rantse cewa ya daina har abada. Abin da ake nema a wurinsa shi ne kada ya sha yau, gobe kuma idan ta zo a sake ɗaura niyya.

Bagobiri:
Na gode da bayanin, amma ya ƙara mini damuwa biyu. Ta farko, na karanta cewa mutanen nan biyu sun fito ne daga wata ƙungiyar Kirista da ake kira Oxford Group, kuma a wasu tarukan ana rufewa da addu'ar coci. Ta biyu ta fi nauyi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkan al'ummarsa abin yi wa afuwa ne ban da masu bayyana saɓonsu. Allah ya rufa wa bawan nan asiri shekara da shekaru, yanzu kuma a ce ya je gaban baƙi ya tona kansa da bakinsa? Ina son Malam Na Zaure ya sa baki.

Malam Na Zaure:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambayar Malam Bagobiri tambaya ce ta ilimi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta.

Hadisin da ya kawo yana cikin Bukhari da Muslim, kuma shi kansa hadisin ya fassara mai bayyanawar da ake nufi: mutumin da ya aikata abu da dare, Ubangijinsa ya suturta shi, da gari ya waye ya ce wa wane jiya na yi kaza da kaza. Malamai sun fahimci wannan a kan mai faɗa don alfahari ko rashin damuwa. Amma wanda ya faɗa don neman mafita hukuncinsa daban ne. Mutumin da ya sadu da iyalinsa da rana a watan azumi ya zo wurin Annabi yana cewa ya halaka, ya faɗi abin da ya yi a gaban sahabbai, ba a tsawata masa don ya faɗa ba, aka nuna masa kaffara. Mai zuwa wurin likita ma sai ya buɗe abin da ba ya buɗe wa kowa. Sai dai a tsaya a gwargwadon buƙata: kada ya ambaci sunan waɗanda suka yi saɓon tare, kada ya tsawaita siffanta abin da ba shi da alaƙa da neman lafiya, kada kuma zaman ya koma hirar daɗin da aka ji a da.

Game da asalin ƙungiyar, gaskiya ne abin da ya faɗa. Amma matakan nasu ba su kira mutum zuwa wata aƙida ba. Sun bar wa kowa ya miƙa lamarinsa ga Allah gwargwadon yadda ya san shi, kuma Musulmi ya san Ubangijinsa, babu ruɗani a wurinsa. Idan aka zo addu'ar da ba tasa ba, ya yi shiru ya yi tasa a zuci. Idan kuma ya ga wani taron ya koma wa'azin wani addini, ya bar shi ya nemi wani.

Akwai abin da nake so mu tuna, mu da muke saurin yanke hukunci. Haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba. Aya ta 219 a Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta girma, aya ta 43 a Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan ayoyi na 90 da 91 a Ma'ida suka rufe ƙofar. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu bar ta ba har abada. Wannan ba ya buɗe wa kowa ƙofar sha a yau, haramcin ya tabbata, amma yana nuna cewa Mahaliccin ɗan'adam ya san nauyin rabuwa da ita. Kuma akwai sahabin da aka sha kawowa a kan shan giya, wata rana wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ni dai ina ganin yawancin abin da muke yi wa mashayi a unguwanninmu, na ƙyama da yi da shi da hana shi sahun gaba, taimakon Shaiɗan ne muke yi da sunan kishin addini.

Ga mai tambaya: ka tuba yanzu, ka tafi asibiti gobe, kada ka ce sai ƙarshen wata. Kada kuma ka bar salla ko da ka sake faɗawa, domin tana nan a wuyanka.

Ɗan Filato:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, ina son in ce wa Malam Bagobiri kada ya ɗauka abin ya fi mana sauƙi. A ƙauyukanmu burkutu yana cikin gayya da biki da zaman makoki, a cikin gari kuma goskolo ta lalata hantar samari da yawa, amma coci-cocinmu da dama suna hana sha, kuma dattijon coci ko ɗan ƙungiyar mawaƙa da aka kama yakan shiga ƙarƙashin horo a gaban jama'a. Saboda haka shi ma ɓoyewa yake yi kamar yadda ɗan'uwan nan yake yi. Wani kawuna ya halarci irin wannan taro lokacin da yake aiki a Legas, a wani ɗaki na harabar coci, kuma a cikinsu akwai Musulmi. Hayar ɗakin kawai suke biya, fasto ba ya shiga, domin ƙa'idar ƙungiyar ta hana ta jingina da kowace coci ko masallaci ko jam'iyya ko asibiti.

Mai kula da zaure:
Mai tambaya ya sake turo wannan: "Na gode, musamman ga Hajiya da Malam. Zan nemi likita a wannan makon. Amma har yanzu ban ji inda zan sami taron ba, kuma aikina ba zai bar ni in riƙa tafiya Abuja ba."

Bazazzage a Ingila:
Tarukan ido da ido a Najeriya sun fi samuwa a Legas da Abuja, kuma wuri da lokaci sukan canza, saboda haka ko wanda yake can ya tabbatar ta waya kafin ya kama hanya. A garinka, mutanen da suka fi cancanta ka tambaya su ne jami'in walwala da masanin halayyar ɗan'adam na asibitin da za ka je, domin wasu sassan kula da masu shaye-shaye suna tara waɗanda aka sallama a zaman rukuni lokaci-lokaci. Wannan ba AA ba ne, ma'aikaci ne ke jagoranta, amma za ka haɗu da masu irin halinka.

Hanyar da ta fi dacewa da kai a yanzu ita ce intanet. Tun annobar korona a 2020 tarukan da ake yi ta Zoom suka yawaita ƙwarai, har ya zama kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wani wuri a duniya. Shafin aa.org yana da jerin ofisoshin ƙasashe, kuma ana iya karanta littafin a can kyauta. Akwai kuma shafin Online Intergroup na ƙungiyar, wanda ya jera tarukan intanet da harshensu da lokacinsu. Kafin ka shiga, ka canza sunan da ke fitowa a allo zuwa suna guda wanda ba a san ka da shi ba, ka kashe kyamara idan taron ya yarda da haka, ka sa abin sauraro a kunne. Mutane da yawa a cikin mota suke zama su halarta. Ka lura da agogo: lokacin Landan daidai yake da na Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin kuma muna bayanku da awa guda, Niyok kuwa tana bayanku da awa 5 ko 6.

Kada ka yanke hukunci da taro guda. Wani za ka tarar da tsofaffin Turawa suna maganar da ba ka gane rabinta ba, wani kuma za ka ji kamar labarinka ake bayarwa. Ka gwada da yawa, wanda ya kwanta maka ka lizimce shi har a san muryarka. Idan maganar addini ce ta tsaya maka, akwai Millati Islami, wadda Musulmin Amurka suka kafa a Baltimo a 1989, suka sake tsara matakan a kan Alƙur'ani da Sunna, kuma suna taro ta intanet. Akwai kuma SMART Recovery, ta 1994, wadda ba ta shigo da maganar imani ko kaɗan, dabarun sarrafa sha'awa da tunani take koyarwa.

Gargaɗi guda: sirrin taron alkawari ne na mutunci tsakanin mahalarta, doka ba ta tsare shi yadda ta tsare sirrin likita. Kada ka faɗi ma'aikatarka ko unguwarka, kada ka ba kowa kuɗi ko rance, kuma al'adar ita ce namiji ya ɗauki jagora namiji, mace ta ɗauki mace.

Ɗan Zango:
Daga Kumasi nake. A Akra ana yin taron ido da ido, amma da Turanci ko harshen Tuwi na Gana, kuma yawancin mutanenmu na zango da giya ta kama, direbobi da 'yan dako da masu gadi, ba za su iya zama awa guda suna faɗin cikinsu da Turanci ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko za su iya shiga na Faransanci. Wanda bai yi ba fa? Duk abin da aka lissafa a sama na mai babbar waya ne da kuɗin data da Turanci a baki.

Likitan Unguwa:
Ɗan Zango ya taɓo inda gizo ke saƙar, zan dawo kansa. Kafin nan, tun da Malam Bagobiri ya yi shakkar ko abin yana aiki, ga abin da bincike ya nuna. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin da ya haɗa bincike 27 a kan mutum 10,565. An samu cewa a cikin waɗanda ma'aikatan lafiya suka haɗa da AA bisa tsari, kashi 42 cikin 100 ba su sha ko ɗigo ba har shekara guda, a inda sauran hanyoyin ba da shawara suka samu kashi 35. Wannan nasara ce ta gaske ga abin da ba a biyan kuɗinsa, amma ku dubi adadin da kyau: fiye da rabi sun sake sha a cikin shekarar. Kuma mafi yawan binciken a Amurka aka yi shi, inda taro yake kusan kowace unguwa. Saboda haka wanda ya koma ruwa bayan ya fara zuwa kada iyalinsa su ce tuban muzuru ya yi. Yanayin cutar ke nan, kuma abin da ake so shi ne ya koma taron washegari ya faɗa, kada kunya ta sa ya ɓace.

Matsalar kuma ba ta mutum ɗaya ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 209 ne jikinsu ya dogara da giya, kuma ta yi sanadin mutuwar miliyan 2.6 a 2019.

Bayan an wuce kwanakin farko akwai magungunan da ke rage sha'awar, irin su naltrexone da acamprosate, likita ne zai duba hanta da ƙoda ya zaɓa. Da yawa kuma suna da ciwon damuwa ko firgici a ƙarƙashin shan, wanda idan ba a magance shi ba zai mai da su. Idan wani a taro ya ce maka ka ajiye maganin asibiti wai shi ma maye ne, kada ka saurare shi. Rubutattun bayanan ƙungiyar da kansu sun hana memba ya mai da kansa likita.

Uwar Biyu:
Ina neman afuwa, zan shigo da ɓangaren da ba a taɓa ba. Mai tambaya ya ce a ɓoye yake sha. Yaya, ina mai tabbatar maka uwargidanka ta sani, ko da ba ta taɓa furtawa ba, domin mu ne muke wanke kayan, mu ne muke yi wa yara ƙaryar cewa Baba ba ya jin daɗi. Shawarata ka faɗa mata kafin ka je asibiti, saboda kwanakin farko kana buƙatar mai lura da kai.

Mu ma iyalan masu sha akwai namu taron, sunansa Al-Anon, wanda matar shi Bill Wilson ɗin, Lois, tana cikin waɗanda suka kafa shi a 1951, kuma ana yin sa ta intanet. Abin da ya fi amfanar da ni a can shi ne jin cewa ba ni na jawo shan ba, ba ni da ikon hana shi, kuma maganinsa ba a hannuna yake ba. Kafin nan dangin miji sun sa na yarda cewa da na iya riƙon miji da bai fita ba. Ina kuma roƙon iyalai su guji kai mutum gidan mari. Kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Sannan kada a manta akwai mata masu sha, kuma nasu asirin ya fi wuyar fitarwa. Akwai tarukan intanet na mata zalla.

Bagobiri:
Na karɓi maganar asibiti, kuma hujjar Malam a kan bayyanawa ta gamsar da ni. Abu guda ne har yanzu ban haɗiye ba. An ce a taron mutum yakan gabatar da kansa da cewa shi mashayi ne, ko da ya shekara ashirin bai sha ba. A hadisin Ibn Majah, wanda ya tuba daga zunubi kamar wanda ba shi da zunubi ne. Don me bawan da Allah ya wanke zai ci gaba da liƙa wa kansa wannan suna har ya mutu?

Bazazzage a Ingila:
Malam, al'ada ce, babu ƙa'idar da ta wajabta ta, kuma akwai masu cewa kawai suna son daina sha, a karɓe su. Ni ina faɗa, kuma ba zunubin nake nufi ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Jikina nake tuna wa kaina, domin na ga waɗanda suka daɗe da dainawa suka ce yanzu sun warke, kofi ɗaya ba zai yi komai ba, cikin 'yan makonni suka koma inda suka tsaya, har suka wuce.

Malam Na Zaure:
A nan ina tare da Malam Bagobiri fiye da ɗan'uwanmu na Ingila. Na fahimci manufar, amma na fi son Musulmi ya ce shi mai neman lafiya ne daga jarabar giya, domin suna yana da tasiri a zuciya, kuma na ga waɗanda Shaiɗan ya shigo musu ta nan, ya ce tun da kai mashayi ne har abada, me ya rage? Tun da an ce ba dole ba ne, kowa ya ɗauki lafazin da ya fi tsare shi.

Likitan Unguwa:
Na yi alkawarin komawa kan maganar Ɗan Zango. Ƙa'idar ƙungiyar ta ce mashaya biyu ko uku da suka taru don neman dainawa suna iya kiran kansu rukunin AA, muddin ba su jingina da wata ƙungiya ba. Ba a neman izini daga babban ofishin ƙungiyar da ke Niyok. Ke nan babu abin da ya hana a yi da Hausa, sai rashin wanda zai fara. Ni ba zan iya zama memba ba tun da ba na sha, amma zan iya sanar da marasa lafiyata idan an kafa.

Bazazzage a Ingila:
Zan iya riƙe shi na watannin farko idan an sami ko mutum biyu, da sharaɗin daga baya wani ya karɓa. Kada a yi shi a rukunin WhatsApp, domin yana iya nuna lambar mutum ga sauran, kuma a garuruwanmu lamba ta isa a gane mai ita. Zoom ya fi, da murya kawai, wanda ba ya cin data sosai, kuma ba za a ɗauki sauti ba. Rufaffe zai kasance, saboda haka Malam da Likita da Hajiya Maman Salma sai dai su yi mana addu'a daga waje. Mata masu buƙata su bari a sami mace da za ta riƙe nasu daban. Ina ganin daren Alhamis bayan sallar isha'i, ƙarfe 9 agogon Najeriya da Nijar, wato ƙarfe 8 a Gana. Zan fassara matakan da bakina a farkon kowane zama, kuma wanda bai riga ya ga likita ba yana iya shiga ya saurara, amma kada ya yanke shan sai ya gan shi. Ɗan Zango, idan akwai direban da ba shi da babbar waya, ku zauna tare ku yi amfani da taka, in dai shi ya yarda ka san halinsa.